Kunne kafin hannu: Yadda makaɗan Arewa ke koyon juya kiɗa nan take

Da zarar an kammala girbin hatsi a ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri, cikin jihar Dosso ta Jamhuriyar Nijar, sai filayen kokowa su fara cika da yamma. Idon 'yan kallo yana kan ƙarti biyu da ke tsakiyar fage. Amma a gefe akwai mutumin da aikinsa ya fi na kowa buƙatar lura, wato makaɗi.

Ba ya sanin wanda zai fito, balle yadda karawar za ta kaya. Da ya hango ɗan kokowa ya miƙe, dole ya tuno takensa. Idan an sarƙe, ya ƙara wuta. Idan an yi kaye, ya juya kiɗan kafin ihun jama'a ya lafa. Duk wannan a cikin daƙiƙoƙi, ba tare da ya saki zaren kiɗan ba.

Mai kallo zai ɗauka baiwa ce kawai. A gidajen makaɗa kuwa, abu ne da ake ɗaukar shekaru ana koya.

Ganga mai magana

Tushen abin yana cikin harshen Hausa kansa, wanda ke da karin sauti na sama da na ƙasa da mai faɗuwa. Da karin ne ake bambanta kuka na hawaye da kuka ta miya. Kalangu, wanda tun asali aka san shi da kiɗan mahauta, yana iya bin wannan hawa da sauka. Makaɗi na rataya shi a hammata. In ya matse tsirkiya sai fatar ta ɗaure, murya ta yi sama, in ya sassauta ta sauko.

Da haka ake kaɗa take, wato kirarin mutum ko na sana'a da ganga ke furtawa. Manomi na da nasa a gangar noma, ɗan kokowa na da nasa, basarake ma haka. Makaɗin da bai haddace waɗannan ba, ba shi da abin da zai sarrafa. Ƙirƙirar nan take ba zuba duka ba ne yadda aka ga dama: ɗauko sanannen take ne, a ja shi, a gutsure shi, a haɗa shi da wani, sannan a dawo daidai inda aka tashi.

Daga riƙon ƙasa ake farawa

Yaron da ya taso a gidan kiɗa ba a miƙa masa kalangu ranar farko. Yakan fara da ɗaukar kaya da amshi, sannan a ba shi ƙaramar ganga irin kuntukuru, ya riƙa maimaita bugu ɗaya har a tashi daga wasa. Aikin na da gundura, amma a nan kunne ke buɗewa. Yana jin lokacin da maigidansa ya bar hanya ya yi kwalliya, yana jin inda ya dawo, kuma ya san in shi ya kauce ko kaɗan, duka kiɗan zai watse.

Sai ya iya riƙe ƙasa ba tangarɗa ake barinsa ya fara jefa nasa salon, galibi a farkon wasa kafin manya su zauna. Babu allo, babu rubutu. Gyaran kan zo da harara ko da dariyar 'yan rawa.

Darasin fagen bori

Ƙasar Arewa ta yi suna wajen riƙon al'adun gargajiya. A nan ne garin Lugu yake, inda Sarauniya Mangu ta yi tsayin daka gaban rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Masaniya Adeline Masquelier, wadda ta fara bincike a Dogon Dutsi a ƙarshen shekarun 1980, ta wallafa littafi a 2001 kan bori a garin da yadda yake ja da baya.

Ko wanda ba ya tare da wannan al'ada zai iya ganin abin da take nema daga makaɗi. Mai goge ke jan gaba, masu kiɗan ƙwarya na bin sa. Kowane iska da kiɗansa, kuma mai goge kan sauya ba tare da sanarwa ba, gwargwadon abin da ya gani a fage. Mai ƙwarya dole ya raba hankalinsa uku: kunne ɗaya ga goge, ɗaya ga abokan bugu, ido kuma ga ƙafafun mai rawa. Hausawa na cewa in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A irin wannan fage, sau da yawa rawar ce ke canza kiɗan.

Filayen koyo na raguwa

Damuwar ita ce wuraren da ake samun wannan horo suna ƙanƙancewa. A bukukuwan aure da suna, lasifika da waƙoƙin waya sun karɓe gurbin makaɗa da yawa, domin sun fi sauƙin kuɗi. Wa'azin malamai ya sa wasu iyalai sun jingine sana'ar. Samari kuma na tafiya ci-rani Yamai ko Najeriya a daidai lokacin rani, lokacin da wasanni suka fi yawa.

Kokowa ce ta fi riƙe makaɗa a yau. Gasar takobi ta ƙasa, wadda aka fara a Tahoua a 1975, ba ta yiwuwa sai da su, kuma kowace jiha na zuwa da nata. A Yamai ma akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM El Hadji Taya, da aka buɗe a 1989, inda ake adana kayan kiɗan gargajiya ana kuma koyar da su.

Matasa da dama, har da mazauna ƙetare, na naɗar wasanni a waya suna turawa ta WhatsApp, wanda hakan na taimakawa wajen adana take. Sai dai faifai kullum abu ɗaya yake maimaitawa. Ba ya ganin ɗan kokowar da ya miƙe, ba ya jin mai goge ya juya. Wannan sai wanda ya zauna a bayan maigida, da ƙaramar ganga a hannu, kaka bayan kaka.