Yadda Ikilisiyar Lutheran Take Tsai Da Shawara A Kan Al'amuran Jama'a



Akwai tambayoyin da suke zuwa gaban dattawan ikilisiya waɗanda aya guda ba ta warware su. 'Yan bindiga sun ɗora wa gari haraji kafin a girbe gero: a taɓa kuɗin baiko a biya, ko a'a? Saurayi mai bi yana so ya shiga 'yan sa-kai: a bar shi ko a hana shi? Yarinyar da aka sace ta dawo da ciki: yaya za a karɓe ta, ita da abin da za ta haifa? Sau da yawa fasto ko mai bishara ake bar wa wannan kaya shi kaɗai. Wani lokaci kuma wanda ya fi kowa murya ko dukiya ne yake yankewa, sauran su yi shiru a majami'a, su je gida suna gunaguni. Daga nan ne rabuwa take farawa.

Shi ya sa muka ga ya kamata a wannan fitowa mu duba yadda 'yan'uwanmu na Lutheran suke tsai da shawara a kan irin waɗannan al'amura. Yawancinmu a nan ba 'yan Lutheran ba ne, kowa kuma yana da tsarin ikilisiyarsa da ya kamata ya girmama. Amma mai neman sanin hanya ba ya raina wanda ya riga shi bin ta.

Su wane ne 'yan Lutheran a ƙasarmu?

Ikilisiyar Lutheran da ta fi yawan jama'a a Nijeriya ita ce LCCN, mai hedkwata a Numan, jihar Adamawa. Ta samo asali daga aikin wani likita ɗan ƙasar Denmak, Dokta Niels Bronnum, wanda ya iso Numan a 1913. Tana cikin TEKAN, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, wadda aka kafa a 1955, kuma Hausa na cikin manyan harsunan sujadarta. Ɗan ƙasa na farko da ya shugabance ta shi ne Akila Todi, daga 1960. Bayansa aka yi David Windibiziri, sai Nemuel Babba, sai Musa Panti Filibus a 2017. Shi Filibus ya kuma shugabanci tarayyar ikilisiyoyin Lutheran ta duniya daga 2017 zuwa 2023.

Shugabanninta zaɓensu ake yi. Tsarin ya taso ne daga ƙasa: ikilisiyar gari, sai gunduma, har zuwa dayosis, sa'an nan babbar majalisar ikilisiya, inda fastoci da wakilan membobi suke zama tare. Bishop yana koyarwa, yana gargaɗi, yana magana da sunan ikilisiya a gaban hukuma. Amma babbar shawara wadda za ta ɗaure kowa, majalisa ce take tsai da ita.

Ma'aunin da ake awo da shi

Na farko shi ne Littafi Mai Tsarki. Na biyu shi ne shaidar bangaskiya da aka rubuta a birnin Augsburg na Jamus a 1530. Sashe na 16 na wannan takarda ya koyar cewa Kirista yana iya riƙe sarauta, ya zama alƙali ko soja, ya yi ciniki, ya mallaki dukiya, ya yi aure. Ya ce a yi wa hukuma biyayya, sai fa in ta umarci mutum ya yi zunubi, a nan biyayya ga Allah ce ta zo gaba, kamar yadda manzanni suka nuna a Ayyukan Manzanni 5:29.

Daga nan 'yan Lutheran suke koyar da cewa Allah yana mulkin duniya ta hanya biyu. Ta wurin bishara yana gafarta zunubi, yana ba da ceto. Ta wurin hukuma, doka, aiki da hankali yana tsare rai, yana hana mugunta. Saboda haka in tambaya ta shafi ceto, Maganar Allah ta isa. In ta shafi rijiya, rigakafi, bashi ko tsaron gari, sai a karanta Maganar Allah a san abin da ƙaunar maƙwabci take bukata, sa'an nan a tambayi ma'aikacin lafiya, malamin gona ko lauya, ko da ba mai bi ba ne, domin hankali ma baiwar Allah ce. Mun tuna da 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Addu'a ta zama dole, amma sai da masana suka gwada ƙasa da jinin yara kafin aka gane cewa niƙan duwatsun zinariya cikin gidaje ne sanadi.

Matakan da ake bi

Wata ikilisiyar Lutheran da ta rubuta matakanta dalla-dalla ita ce ELCA ta Amurka, wadda ta fara aiki a 1988, tana kuma da zumunci da LCCN. Ga yadda take yi:

1. Babban taron ikilisiya ne yake amincewa a ɗauki wani batu. Sau da yawa roƙon yakan taso ne daga tarurrukan yankuna.

2. Akan kafa kwamiti na fastoci, malaman tauhidi, masana batun da membobi, maza da mata. Da gangan ake haɗa masu ra'ayi dabam dabam.

3. Kwamitin yakan rubuta littafin nazari a aika wa ikilisiyoyi. Su karanta, su tattauna, su mayar da amsa.

4. Sai a fitar da rubutu na gwaji, a zagaya yankuna ana jin bakin jama'a, a gyara.

5. Daga ƙarshe a kai gaban babban taro, inda aƙalla kashi 60 cikin 100 na masu ƙuri'a ba fastoci ba ne. Rinjaye kaɗan bai isa ba. Sai biyu cikin uku sun yarda.

Wannan aiki yakan ci shekara biyar ko fiye. Ta haka suka fitar da matsayinsu a kan kula da halitta a 1993, zaman lafiya a 1995, tattalin arziki a 1999, kiwon lafiya a 2003, da ilimi a 2007. In abu na gaggawa ne, majalisar zartarwa takan fitar da gajeren saƙo, amma dole ya tsaya a kan abin da babban taro ya riga ya amince da shi.

Wani abin lura shi ne, takardar tana bi da shugabanni da ma'aikatan ikilisiya cikin abin da za su faɗa ko su yi da sunanta, amma ba a korar memba don lamirinsa bai yarda da ita ba. Ana dai roƙonsa ya karanta, ya auna da addu'a.

Wannan hanya ba ta hana rabuwa kullum. A watan Agusta 2009 babban taron ELCA ya amince da takarda a kan aure da jima'i da ƙuri'a 676, masu ƙi 338, wato biyu cikin uku cif, ba ragi ba ƙari. Taron ya kuma buɗe ƙofar aikin fasto ga masu zaman tare na jinsi ɗaya. Ɗaruruwan ikilisiyoyi suka fice. 'Yan Lutheran na Tanzaniya suka fitar da sanarwar ƙin amincewa a Dodoma a 2010, ikilisiyar Mekane Yesus ta Habasha kuma ta yanke zumunci da ELCA a 2013. Wannan ya nuna mana abu biyu. Kowace ikilisiyar Lutheran tana tsai da nata matsayi, shawarar Amurka ba ta ɗaure Numan ba. Kuma ƙuri'a tana nuna inda rinjaye yake ne kawai, ba ta sauya zuciyar wanda ya gaskata cewa an saɓa wa Nassi.

Misali daga gida

A shekarun 1980 zuwa farkon 1990 an yi ta zub da jini a Arewa da sunan addini: Kafanchan a 1987, Bauchi da Kano a 1991, Zangon Kataf a 1992. Masu bi da yawa suna cewa magana da Musulmi ɓata lokaci ne. A ƙarƙashin Bishop David Windibiziri, LCCN ta ɗauki hanyar zama da su. A 1993 aka yi taron Kirista da Musulmi a Miango, jihar Filato, daga nan kuma aka samu ƙungiyar kyautata dangantaka tsakanin addinan biyu. Ba a nemi kowa ya sassauta bangaskiyarsa ba. Dalilin shi ne wanda muka ambata a sama: tsare rai da zaman gari aiki ne da Allah ya ɗora wa kowa. Mu da muke zaune a Zamfara, inda aka ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, inda kuma ɗan bindiga ba ya tambayar addinin mai gona kafin ya kore masa shanu, mun san nauyin wannan magana.

Tsohon misali mai amfani ga rumbunmu

A 1523 mutanen garin Leisnig a Jamus suka nemi shawarar Martin Luther a kan taimakon matalauta. Suka kafa asusun gari a cikin akwati mai makulli huɗu, kowane mabuɗi a hannun wani dabam. Kowace shekara jama'a suna zaɓen mutum goma su riƙe amana: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisar gari, uku daga mutanen gari, uku daga manoman ƙauye. Sau uku a shekara ake tara jama'a su ji lissafi. Duk ikilisiyar da take da rumbun hatsi na taimako ko asusun gwauraye da marayu tana iya kwaikwayon wannan tun daga kakar bana.

Me za mu ɗauka?

Ba mu da shekara biyar da za mu jira in an ba gari kwana uku ya kawo kuɗi. Abin gaggawa, dattawa za su zauna a daren su yanke. Amma in ƙura ta lafa, a kawo batun gaban ikilisiya a tsai da ƙa'ida, domin in ya sake faruwa kada a fara daga farko cikin tsoro. Muna ba da shawara kamar haka:

A faɗi tambayar a fili cikin magana ɗaya, kowa ya gane abin da ake nema.

A karanta Nassi tare, har da wuraren da ba su goyi bayan ra'ayinmu ba. Ayyukan Manzanni sura 15 ta nuna yadda manzanni da dattawa suka yi muhawara, suka saurari shaida, suka duba Nassi, sa'an nan suka rubuta wasiƙa.

A nemi wanda ya san batun, a ji ta bakinsa.

A ji waɗanda abin ya fi shafa. Zumuntar mata da matasa su fara zama su kaɗai, domin akwai maganar da mace ba za ta faɗa a gaban surukinta ba.

Kada a yanke a zama na farko. A ba da mako biyu ko uku na addu'a.

A amince tun da wuri cewa babbar shawara tana bukatar biyu cikin uku. In ba a samu ba, a ci gaba da magana.

A rubuta abin da aka yanke da dalilinsa a littafin ikilisiya, ba tare da sunayen waɗanda suka yi magana ba, saboda tsaro. A sanar da gunduma, domin abin da ya shafi koyarwa, baftisma ko horo ba na ikilisiyar gari kaɗai ba ne.

Wanda bai yarda ba, kada a mai da shi abokin gaba. Gobe a kan wani batu wataƙila shi ne zai ga ramin da sauran ba su gani ba.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace babbar shawara ce ikilisiyarmu ta yanke a bara? Mutum nawa ne suka yanke ta?

2. Su wane ne a cikinmu ba a taɓa jin muryarsu a taro ba? Me yake hana su?

3. Wane batu ne yake tafe wanda ya kamata mu tattauna tun kafin ya iso?

4. Mutum nawa ne suke riƙe da mabuɗin asusunmu, yaushe kuma aka karanta lissafi a gaban jama'a?

Muna roƙon shugabannin nazarin Littafi Mai Tsarki su karanta wannan ga waɗanda ba su iya karatu ba, su kuma aiko mana da abin da ƙungiyarsu ta tattauna ta hannun ma'aikacinmu da ke zagaya yankinku. Ubangiji ya ba dattawanmu hikima, ya kiyaye ƙauyukanmu. Amin.