Ko Kun Sani?

Matashin Tamale da ke shirin shiga gasar rubutacciyar waƙa yana da magabata a kusa da gida. A Salaga, kudu maso gabas da Tamale, Alhaji Umaru Salaga ya zauna. Haifaffen Kano ne, ya kuma rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, ciki har da Waƙar Nasara da Waƙar Talauci da Wadata. Bayan yaƙin basasar 1892 ya tarwatsa Salaga, ya koma Kete-Krachi, ya yi limanci a can har rasuwarsa a 1934.

A cikin Tamale kuwa, Afa Ajura, wanda ya kafa makarantar Anbariya, ya yi wa'azi da waƙoƙin Dagbanci cikin haruffan Larabci. Ya rasu a 2004.

Ma'aunin irin wannan waƙa ya faro ne daga Basra, inda Halilu ɗan Ahmad ya tantance karuruwa 15, Ahfash ya ƙara na 16. Mai sauraro da ya ƙware yakan bi ɗango gaɓa-gaɓa, doguwa da gajera. Idan gaɓa ɗaya ta yi yawa, kari ya karye, ko da amsa-amon ya zauna daram.