Idan Farantin Na'urar Ɗumama Abinci Ya Daina Juyawa

Ma'aikatan tarayya da dama da ke baro Nyanya da Kubwa tun asuba da kular abinci suke zuwa ofis, na'urar ɗumama abinci kuwa ita ce rufin asirinsu da rana. Ranar da farantin gilashinta ya tsaya cak, sai shinkafa ta fito gefe na ƙuna, tsakiya da sanyi, domin juyawar ce ke rarraba zafin. Abincin jiya da bai ɗumamu sosai ba yana iya ɓata ciki.

Galibi matsalar ba ta kai ta kiran mai gyara ba. A zare filogi, a ɗaga farantin, a wanke zoben nan mai ƙananan tayoyi, wanda busasshiyar miya da manja kan riƙe. A duba ɗan maƙallin tsakiya mai haƙora uku, ko ya tsage, ko farantin bai hau kansa daidai ba. Kwano mai faɗi ma kan tokare bango.

Idan duk wannan lafiya lau, wataƙila ƙaramin injin da ke ƙasa ne ya mutu. Nan aikin ya koma hannun mai gyaran lantarki, domin a ciki akwai ma'ajiyar wuta mai ƙarfin bolt kusan 2,000, wadda kan riƙe wutar ko bayan an zare filogi.