Zullumin Jarrabawa: Me Ya Sa Korar Tunani Ke Ƙara Masa Ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa kwana a makarantar kwana ana saura mako guda a fara jarrabawar WAEC ya san irin daren da muke nufi. An kashe fitila, gari ya yi tsit, amma yaro idonsa biyu. Zuciya sai saƙawa take yi tana kwancewa: in na faɗi lissafi fa? Me zan gaya wa Baba, wanda ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin rajista? Da safe in ya kai kukansa wurin malami ko yayansa, sai a ce masa, "Haba, cire abin nan daga ranka mana!" Shawara ce ta ƙauna, sai dai binciken masana halayyar ɗan Adam ya nuna tana da wuyar bi, kuma sau da yawa ƙara rura wutar take yi.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a jiki. A shekarar 1915 wani masani na Jami'ar Harvard da ke Amurka, Walter Cannon, ya wallafa sakamakon bincikensa a kan tsoro. Yakan sa kare ya yi wa kyanwa haushi, sa'annan ya auna abin da ya sauya a jikinta. Ya gano cewa wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a kan ƙoda sukan kwararo wani sinadari mai suna adirinalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, narkewar abinci ta tsaya, jini ya karkata zuwa tsokar hannu da ƙafa, domin a yi faɗa ko a ranta a na kare. Ashe Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya ce cikin mai tsoro ya ɗuri ruwa. An ce tsoro na daji, kunya na gida; to amma jiki bai san bambancin kura da takardar jarrabawa ba, shiri iri ɗaya yake yi wa kowanne. Kaɗan daga wannan shiri yana da amfani, shi ne ke tayar da ɗalibi da asuba ya ɗauki littafi. Matsalar ita ce kura takan wuce, tunani kuwa yakan zauna.

To me ya sa ba ya koruwa? A 1987 Daniel Wegner, a Jami'ar Trinity ta jihar Texas, ya zaunar da ɗalibai ya ce su yi ta faɗin duk abin da ya zo musu a rai na minti 5, amma kada su kuskura su tuna da farar beya, wato dabbar nan ta ƙasashen ƙanƙara. In ta faɗo musu a rai, su kaɗa ƙararrawa. Aka yi ta jin ƙararrawa, fiye da sau ɗaya a kowane minti. Abin mamaki ma yana gaba: da aka sake su aka ce yanzu su tuna da ita, sun fi waɗanda ba a taɓa hana su ba yawan tunaninta. Mai karatu na iya gwadawa: rufe ido na minti ɗaya, kada ka tuna da farin raƙumi. Dalilin, a bayanin Wegner, shi ne in ka kafa wa zuciya dokar kada ta tuna da abu, dole wani sashe nata ya zama mai gadi, yana ta leƙawa ko abin ya shigo. Leƙen nan kuwa shi kansa tunawa ne.

Ɓarnar da zullumi ke yi a ɗakin jarrabawa ma tana da bayani. Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abin da take aiki a kansa a halin yanzu ɗan ƙarami ne, kamar allon almajiri ɗan kotso. In fargaba ta cika shi da rubutunta, ina za a ajiye lambobin da ake tarawa? Shi ya sa yaro kan fito daga ɗaki, kafin ya kai bakin ƙofar makaranta amsar ta dawo masa tiryan-tiryan.

Abin da ya fi kora tasiri shi ne a ba damuwa masaukinta. A 1983 Thomas Borkovec na Jami'ar Jihar Pennsylvania ya umarci masu yawan zullumi su keɓe rabin awa a kullum, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, don damuwa kaɗai. In tunanin ya zo a wani lokaci daban, sai a ce masa ya jira lokacinsa, a koma ga aikin da ke gaba. Bayan mako 4 damuwarsu ta ragu. Ɗalibi na iya zaɓar bayan la'asar. Kada dai ya zaɓi lokacin kwanciya. Ya zauna da takarda, ya raba abubuwan gida biyu: wanda yake da abin yi a kai, kamar babin da bai gane ba, sai ya rubuta wa zai tambaya kuma yaushe, wanda ba ya hannunsa, kamar irin tambayoyin da za su fito, ya bar shi a takardar.

Malamai kuwa ga nasu. A 2011 Gerardo Ramirez da Sian Beilock na Jami'ar Chicago suka ba 'yan sakandare minti 10 kafin jarrabawar ilimin halittu su rubuta abin da ke damunsu game da ita. Masu yawan fargabar da suka yi rubutun sun tashi da matsakaicin sakamako na B+, takwarorinsu da aka sa su rubuta wani abu daban suka tsaya a B-. Wannan dabara ba ta cin ko kwabo, kuma a ganina ta fi doguwar huɗubar tsoratarwar da wasunmu kan yi wa yara a layin safe.

A kula kuma da abin da ake sha don raba dare ana karatu. Goro da shayi da Nescafe duk suna ɗauke da sinadarin kafin, wanda ke sa bugun zuciya da rawar hannu, alamomin tsoro ke nan sak. Rabin abin da aka sha yana nan cikin jini bayan kimanin awa 5.

Akwai kuma damuwar da ta wuce ta yau da kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ne ke fama da cutar fargaba a 2019. In zullumi ya shafe wata 6 yana zuwa kusan kullum, ya hana barci, ya hana karatu, ko bayan an gama jarrabawar, to a kai yaro ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri, kuma likitan babban asibitin gari na iya duba shi ya tura shi can.