Afdet Ba Ya Kashe Waya: Gyara Kan Jita-Jitar Da Ta Yi Kaka-Gida A Jibiya

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a rumfunan caji da shagunan gyaran waya, daga Magama zuwa kasuwar Jibiya, har tsallaken iyaka a Ɗan Isa da Maraɗi: wai duk wanda ya bar wayarsa ta yi afdet ya kashe ta da hannunsa. Hujjar masu faɗa ita ce, jiya an tura wa mutum manhaja ta Xender ta hau lafiya lau, yau bayan sabuntawa an tura ta ƙi hawa. Nan take sai a yanke hukunci cewa kamfani ne ya sa wa wayar ciwo don a sayi sabuwa. Daga nan sai a kashe sabuntawa baki ɗaya, ko a biya kuɗi a yi wa wayar filashin. Wannan fahimta kuskure ce, kuma tana jawo asara, tunda yau ɗan kasuwa da direba da mai POS duk asusun bankinsu a cikin waya yake.

Play Store, da Palm Store da ke zuwa a wayoyin Tecno da Infinix da itel, da AppGallery na Huawei, rumbunan manhaja ne. A cikin wayar kuma akwai mai girkawa, wanda ke duba ƙunshin manhajar da hatimin mai shi kafin ya bar shi ya zauna. Mutumin Jibiya ba ya buƙatar dogon bayani a nan, don ya san bambancin kayan da suka bi ta ƙofa kwastan suka duba takardunsu, da waɗanda suka biyo daji a bayan babur. Na biyun ma suna isowa, wani lokacin har da rahusa, amma ba wanda zai rantse a kan abin da ke cikin buhun.

Abin da ya sauya shi ne siffar ƙunshin da dokokin karɓarsa. A da, manhaja fayil ɗaya ce mai suna APK, ana kwafarta daga wannan waya zuwa waccan ta yi aiki. Daga watan Agustan 2021 Google ya wajabta wa sababbin manhajojin Play Store wani tsari mai suna AAB, inda rumbun ke yanka wa kowace waya gutsattsarin da suka dace da injinta da girman fuskarta da harshenta. Saboda haka abin da ke kan wayar abokinka an ɗinka shi ne daidai da tasa, idan aka turo maka sau da yawa yakan zo da giɓi ko ya ƙi dacewa. Wata guda bayan wannan sauyi, a Satumban 2021, aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, har da Jibiya, ba a fara maido da su ba sai Disamba. Wanda ba shi da intanet dole ya dogara da tura-mini-in-tura-maka, sai ɗabi'ar ta zauna daidai lokacin da tsarin ya fara juya mata baya.

Dokokin girkawa ma sun tsananta. Kafin Android 8 na 2017, maɓalli ɗaya ake kunnawa wayar ta riƙa karɓar manhaja daga ko'ina. Tun daga shi, sai an ba kowace hanya izininta daban: Xender nata, Chrome nasa. Android 14 na 2023 kuma ya daina karɓar manhajar da aka gina wa tsarin da ya girmi Android 6, saboda masu ƙirƙirar manhajojin sata sun daɗe suna fakewa da tsohon tsari don su kauce wa neman izinin shiga saƙonni da lambobin mutane. Haka kuma wayar ba ta yarda a ɗora sabon zubi a kan tsoho sai hatiminsu ya zo ɗaya, ita kuwa manhajar da wani ya buɗe ya yi wa kwaskwarima dole ta ɗauki wani hatimin. Ko a kwamfuta haka abin yake: tsarin Ubuntu 24.04 na 2024 ya sauya siffar fayil ɗin da ke lissafa rumbuna, kuma duk lokacin da aka haura sabon zubi yakan dakatar da rumbunan waje har sai mai ita ya sake kunna su. Ƙin karɓar nan da ake kira ciwo, shi ne wayar tana aikinta.

Wani zai ce ai an taɓa kama kamfanoni suna rage wa waya ƙarfi. Gaskiya ne. A 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10 da Samsung Yuro miliyan 5 kan sabuntawar da ta nauyaya tsofaffin wayoyi, a 2020 Faransa ta ƙara wa Apple tarar Yuro miliyan 25. To amma a lura, an gano abin ne domin ta hanyar da aka sani ya biyo, da sunan kamfani da adireshinsa, har aka samu wanda za a ci tara. Wanda ya ƙera GB WhatsApp fa, wa ya san gidansa? Shi kansa kamfanin WhatsApp tun 2019 yake gargaɗin cewa zai iya rufe asusun masu amfani da ita, amma har gobe ana girka wa mutane ita don kawai su karanta saƙon da aka goge. Wani kuma zai ce data ta yi tsada, sabis ba ƙarfi. Wannan uzuri ne karɓaɓɓe, sai dai kuɗin datar afdet bai kai abin da ɓarawo zai kwashe daga asusu cikin dare ɗaya ba. Tsohuwar waya mai ƙaramin ma'aji takan yi nauyi, wannan kuwa tsufa ne da cikar ma'aji.

Abin yi a bayyane yake. Manhajar banki ko ta POS kada a karɓe ta daga hannun kowa, ko da ɗan'uwa ne, a sauko da ita daga rumbu, a duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashinta. Kafin afdet a cika batir, a rage hotuna da bidiyo, a adana hirarrakin WhatsApp a Google Drive. Bayan an gama a shiga saitin waya a duba hanyoyin da ke da izinin girka manhaja, a kashe duk wadda ba a buƙata, a bar Play Protect, mai binciken manhajoji, a kunne. Mai tsoron ƙarewar data ya saita sabuntawa ta jira Wi-Fi, ko ya yi ta da datar dare. Kowa ya buɗe asusun Google da kansa, ya rubuta kalmar sirrinsa ya ajiye, kada ya bari a buɗe masa a shago da lambar wani. Masu zirga-zirga tsakanin Katsina da Maraɗi su sani cewa rumbun yana bin ƙasar da ke kan asusu, shi ya sa wata manhajar ke bayyana a wayar wani ta ɓuya a ta wani.

Ku kuma masu gyara da masu rumfar caji, ku ji tsoron Allah. Wayar da aka miƙo muku amana ce, kuma yawancin masu kawo ta maganarku ce hujjarsu. Idan manhaja ta ƙi hawa, ku faɗa wa mai ita dalili, ku nuna masa yadda zai sauko da ta gaskiya, maimakon ku karɓi kuɗin filashin a kan wayar da lafiyarta ƙalau.