Laima a Ɗaki: Yadda Za a Duba Gidaje Kafin Damina Ta Yi Nisa

An shirya wannan takarda ne domin hakimai da malamansu, su karanta wa dagatai da masu unguwanni. Kowace shekara, idan ruwan watan Agusta ya kankama, akan ji labarin katanga ta faɗa wa mutane suna barci, yara kuma su yi ta tari ba a san dalili ba. Sau da yawa mafarin abin guda ne, watau laima ta kama ɗaki, iska kuwa ba ta da hanyar shiga ta busar da shi.

Laima takan shiga ɗaki ta hanya uku, kowace kuma da maganinta dabam. Saboda haka kada mai dubawa ya ba da shawara sai ya gane wadda yake fama da ita. Akwai wadda ke tasowa daga ƙasa: za a ga gindin bango ya yi duhu, wani farin gari kamar kanwa ya fito masa, yaɓe yana ɓamɓarewa. Akwai wadda ke saukowa daga sama, in rufin soro ya tsage ko indararo ya toshe, alamarta kuwa zane ne mai gangarowa a jikin bango. Ta ukun ita ce mutane ba su cika yarda da ita ba, domin daga jikinsu take fita. Babban mutum in ya kwana, ruwan da ke fita ta numfashinsa da fatarsa yakan kai kusan sulusin lita. To, a lissafa mutum 6 cikin ɗaki guda, ƙofa a rufe, taga an toshe ta da tsumma, ga jiƙaƙƙen wanki a kan igiya, ga randa a lungu. Ina wannan ruwa duka zai tafi? Bango da tabarma da tufafin cikin adaka su ne za su shanye shi.

Lokacin da ya fi kyau a duba ɗaki shi ne da sassafe, tun ba a buɗe shi ya sha iska ba. Da rana kowane ɗaki lafiya lau yake. Wanda ya shigo daga waje hancinsa ya fi na mai ɗakin gaskiya, gama mai ɗaki ya saba da warin. In an ji warin ruma ko iska ta yi nauyi, sai a janye gado da akwatuna daga jikin bango, a ɗaga tabarma, a duba ko da funfuna, baƙa ko koriya. A ɗakin kwano a ɗaga kai a ga ko raɓa ta taru a ƙarƙashin rufi.

Ga wata dabara mai sauƙi ta rarrabe laimar bango da ta numfashi. A sami leda mai faɗin tafin hannu biyu, a manna ta a bango, a liƙe gefunanta sosai, a bar ta kwana 2. In ruwa ya taru a bayanta, wajen bango, to daga cikin ginin yake fitowa, aikin magini ne. In kuwa a fuskarta ya taru, iskar ɗakin ce ta cika da ruwa, maganinsa taga.

Gwada tafiyar iska kuma ba ya bukatar wani ƙarfe na asibiti. A kunna tsinken turare a tsakiyar ɗaki, a tsaya shiru. In hayaƙin ya karkata ya nufi wata kafa, iska tana ratsawa. In ya miƙe ya taru a sama ya yi ta shawagi, ɗakin a toshe yake. Taga guda ba ta wadatarwa, sai iska ta sami mashiga da mafita a bango biyu masu fuskantar juna, ɗaya kuma ta kasance can sama kusa da rufi, domin iska mai ɗumi sama take hawa. Ƙa'idar gini da aka daɗe ana bi a ƙasashe da yawa ita ce faɗin tagogi ya kai ushirin faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai tsawon ƙafa 12 da faɗin ƙafa 10, tagogi biyu ke nan, kowace ƙafa 3 da ƙafa 2.

Lalle ne a yi magana a kan siminti. Mutane da yawa sukan shafe ginin ƙasa da shi, suna ganin sun kare shi daga ruwa. Amma ginin ƙasa yana shan laima ya kuma fitar da ita, siminti kuwa yakan tsare ta a ciki. Da ya ɗan tsage, ruwa ya shiga, sai tubali ya yi ta narkewa a ɓoye, waje kuwa sumul, har ranar da bangon zai zube gaba ɗaya. Maginan da ke yaɓe da makuba ta ɓawon ɗorawa, ko laso na katsi da gashin jima da dafara, sun san abin da suke yi. Wanda ya riga ya shafa siminti, ya riƙa ƙwanƙwasa bangon. In ya ji yana amo kamar ganga, ya rabu da ginin, a kira magini. A kuma cika gindin katanga da ƙasa ta gangara waje, a sa dutse inda indararo ke zuba.

Batun iska bai ƙare da damina ba. Da hunturu akan rufe ko'ina a shiga da kaskon gawayi, wasu kuma su kunna janareta a zaure ko a bakin taga. Dukansu suna fitar da iskar guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, takan kashe mutanen gida cikin barci. Alamarta ta fari ciwon kai da jiri, masu sauƙi in an fita waje. Da bazara kuma cunkoso cikin rufaffen ɗaki yana taimakon yaɗuwar sanƙarau. A annobar 1996 mutum fiye da 11,000 suka rasu a Nijeriya, galibinsu a Arewa. Tarin fuka ma haka yake bin numfashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2009 cewa zama cikin laima da funfuna yana ƙara tari da ciwon asma.

Masu toshe taga ba don wauta suke yi ba, sauro da ɓarawo suke gudu. Kada a tsawata musu, a nuna musu ragar waya da sandunan ƙarfe. Haka kuma ba a shiga cikin gida sai da izinin maigida, ɗakunan mata kuwa a tura ma'aikaciyar lafiya.

Ana roƙon kowane malamin hakimi ya buɗe littafi, ya rubuta unguwa, da yawan masu kwana a ɗaki, da yawan tagogi, da irin laimar da aka gani. Gidan da bangonsa ya tsage ko ya karkata, a sanar da duba-gari a ranar, mutanen ɗakin kuma su koma wani kafin a gyara.