Mata da gayyar manhaja: daga Legas da Nairobi zuwa Anguwan Rukuba

Manhaja mai buɗaɗɗen tushe ita ce wadda masu ita suka baje rubutun umarnin da aka gina ta da shi a fili, domin kowa ya karanta, ya gyara, ya kuma raba wa wasu. Linux, wanda Linus Torvalds ya fara a 1991, yana cikin irin waɗannan, kuma a kansa aka ɗora Android ɗin da ke cikin galibin wayoyin da ake sayarwa a kasuwar Taminus ta Jos. Haka ma Firefox da WordPress da manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta. Sunan da aka san tsarin da shi a Turanci kuwa, wato "open source", wata mace ce ta ba da shawararsa, Christine Peterson, a wani zama da aka yi a Kalifoniya ta Amurka a 1998.

Aikin ya fi kama da gayya. Wani ya rubuta sashe, wani ya gano kuskure, wani ya fassara, kuma yawancinsu ba albashi ne ya tara su ba. Duk wanda ya san gayya ya san ba ƙarfin fartanya kaɗai ke gama gona ba: sai da mai gayyato mutane, da mai raba kunya-kunya, da mai nuna wa sabon hannu inda zai fara, da mai raba gardama idan ta tashi. Wannan shi ake kira gina al'umma a duniyar manhaja. Manhajar da ba ta da masu yi mata wannan hidima takan mutu ko da rubutunta ya yi kyau, domin ranar da wanda ya fara ta ya gaji, babu mai karɓa.

Mata ba su da yawa a wannan fage. A binciken da kamfanin GitHub, mai shafin da ake ajiye rubutun manhajoji, ya yi a 2017, kashi 95 cikin ɗari na waɗanda suka amsa maza ne, mata kashi 3 kacal. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Aikin sa kai yana buƙatar lokacin da mutum ya mallaka, da dare ko ƙarshen mako, lokacin da mata da yawa ke kan girki da reno. Ga kuma kaushin harshe da sabon shiga kan gamu da shi a wasu rukunonin, wanda ke korar mai kunya tun a ranar farko. Abin lura shi ne, duk da ƙarancinsu, mata sun taka rawa babba wajen kafa ƙungiyoyin da suka buɗe wa dubban matasan Afirka ƙofa.

Ada Nduka Oyom ta kafa She Code Africa a 2016 domin koya wa 'yan mata rubuta manhaja da haɗa su da masu yi musu jagora. Bayan haka ita da Samson Goddy suka kafa Open Source Community Africa, wadda ta yi babban taronta na farko a Legas a 2020. Ada ba kimiyyar kwamfuta ta karanta ba. Ilmin ƙananan halittu ta yi a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai ganin sai da digirin kwamfuta ake shiga harkar. Ruth Ikegah, ita ma 'yar Nijeriya, ta jagoranci reshen Afirka na CHAOSS, wani shiri da ke auna lafiyar al'ummomin manhaja: mutum nawa ke shigowa, nawa ke daɗewa, kwana nawa sabon shiga ke jira kafin a amsa masa. A Arewa, Aisha Tofa na cikin waɗanda suka kafa Startup Kano, Maryam Lawan Gwadabe kuma ta kafa Blue Sapphire Hub a Kano. Aikinsu ya fi karkata ga horarwa da kasuwancin fasaha, amma tushen ɗaya ne: samar da wurin da matashi zai zauna da wasu ya koya.

Jos ba baƙuwa ba ce a wannan tarihi. Jami'ar Jos, wadda ta fara a 1971 a matsayin reshen Jami'ar Ibadan kafin ta tsaya da ƙafarta a 1975, tana cikin jami'o'in ƙasar nan da suka rungumi kwamfuta da wuri. Wani Ba'amurke, Cliff Missen, ya koyar a can a ƙarshen shekarun 1990, kuma wahalar samun intanet da ya gani ce ta kai ga ƙirƙirar eGranary, wato rumbun littattafai da shafukan ilmi da ake zubawa a cikin na'ura ɗaya, a karanta ba tare da intanet ba. A 2015 David Daser ya buɗe nHub, cibiyar da ta horar da matasan Jos da dama rubuta manhaja.

Anguwan Rukuba, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, tana cikin unguwannin da ɗaliban jami'ar ke kama haya. A ɗaki irin na can ake iya ganin yadda gudummawar farko take. Ɗaliba ta jona kwamfutarta da datar wayarta, tana duban sauran cajin batir saboda an ɗauke wuta tun rana. Ta buɗe littafin jagorar wata manhaja a GitHub, ta ga an tsallake mataki ɗaya a bayanin yadda ake girka ta. Ta rubuta layi uku, ta aika da buƙatar a haɗa gyaranta. Washegari mai kula da manhajar, wataƙila daga Indiya ko Jamus, ya amsa cewa ta sauya kalma ɗaya. Ta sauya, aka karɓa. Daga ranar sunanta ya shiga tarihin manhajar, inda duk mai neman ma'aikaci zai iya gani da idonsa. Ba a tambaye ta takardar shaidar asalin jiha ba, ba a tambayi wa ta sani ba, ba ta kuma biya kuɗin mota zuwa Legas ba.

Sai dai kusan babu wadda ke kaiwa wannan mataki ita kaɗai. Akwai wadda ta nuna mata GitHub tun farko, ta kuma ce mata kada ta ji tsoron a ƙi gyaranta. Nan ne amfanin jagora mace yake fitowa sarai. Ita ta san taron da aka sa da ƙarfe bakwai na dare ya riga ya cire rabin 'yan matan da za su zo, musamman a garin da ya saba da dokar hana fita. Ita ce iyaye za su fi amincewa su bar 'yarsu a hannunta. Tsarin Django Girls, wanda Ola Sitarska da Ola Sendecka 'yan ƙasar Poland suka fara a 2014, an gina shi a kan wannan fahimta: taron yini ɗaya, kyauta, ƙananan rukunoni kowanne da mai koyarwa, kuma littafin darasin a buɗe yake ga duk mai son shirya irinsa a garinsu.

Akwai misali daga Kenya da ya kamata ya taɓa zuciyar mutanen Jos. Bayan rikicin zaɓen ƙarshen 2007, Ory Okolloh da Juliana Rotich da abokan aikinsu biyu sun ƙirƙiro Ushahidi, kalmar Swahili mai asali ɗaya da "shaida" ta Hausa. Mutane na aika saƙon tes game da abin da suka gani, manhajar na dasa shi a kan taswira. Da yake tushenta a buɗe yake, an yi amfani da ita a girgizar ƙasar Haiti a 2010. Anguwan Rukuba, inda bama-bamai suka tashi a jajibirin Kirsimeti na 2010, ta san ɓarnar da jita-jita ke yi a ranar tashin hankali, da darajar sahihin labari.

Maganar kuɗi ma tana nan. Shirin Outreachy, wanda ya samo asali daga ƙoƙarin al'ummar manhajar GNOME na jawo mata, yana biyan dala 7,000 ga wanda aka zaɓa ya yi aikin watanni uku daga gida, sau biyu a shekara, kuma 'yan Nijeriya da dama sun samu. Wadda ba ta iya rubuta manhaja ba tukuna tana da wurin farawa da harshenta: rubuta maƙala a Wikipedia ta Hausa, ko naɗar muryarta a Common Voice na Mozilla, wanda ke tara muryoyi domin na'ura ta koyi jin Hausa.

Matsalar da ta rage ita ce ta lada. Shirya taro, neman zaure, amsa tambayoyin sababbi da tsakar dare, duk aiki ne da ba ya bayyana a jerin gyare-gyaren manhaja, kuma sau da yawa mata ake bar wa shi kyauta. Wannan bai dace ba. Manyan kamfanonin fasaha sun daɗe da mayar da kula da al'umma muƙami mai albashi, kuma ma'aunan da CHAOSS ke fitarwa suna ba masu wannan aiki hujjar da za su nuna wa masu ba da tallafi. Cibiyoyin fasaha na Jos da hukumar fasahar sadarwa ta Jihar Filato za su iya yin haka: su sa kuɗin mai shirya taro cikin kasafi, tare da kuɗin janareta da na data.